Daga Mount Dala Zuwa Dala Hill: Tarihin Sunan Dutsenmu a Bakin Bature



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata 'yar magana ce da yaro ya yaɓa mini, na rasa amsar da zan ba shi. Wata Asabar, lokacin da ganyen itatuwa suka fara ja suna zuba, na raka yayata da 'ya'yanta daga nan Silver Spring zuwa wani dutse da ake kira Sugarloaf Mountain, tafiyar kusan awa ɗaya a mota, a cikin jihar Maryland. Da muka kai ƙololuwa muka hango gonaki da kogi a ƙasa, sai na ce wannan wuri ya tuna mini da Dutsen Dala, inda muke hawa muna yara mu hango birnin Kano kaf. Babban ɗanta, wanda a nan aka haife shi, ya karɓi wayar mahaifiyarsa ya duba, sannan ya ɗago da 'yar Hausarsa da ba ta gama nuna ba ya ce, "Kawu, ai naku hill ne kawai, namu kuwa mountain ne."

Muka yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Yaron bai yi ƙarya ba, domin Dala Hill ake rubutawa a taswira da jaridu da takardun gwamnati. To yaushe aka fara rubuta shi haka? Kuma me sunan yake gaya wa wanda bai san Kano ba? Abin da na tattaro ke nan nake son mu duba tare.

Kalma ɗaya a wurinmu, uku a wurinsu

Bahaushe da kalmar dutse yake kiran abin da yaro zai jefi mangwaro da shi, da ita yake kiran abin niƙa, kuma da ita yake kiran Dutsen Uhudu da Dutsen Arfa. Muna da tsauni, muna da tudu, muna da fa, amma idan aka zo raɗa wa wuri suna, dutse ya fi yawa a bakinmu. Akwai Dutse babban birnin jihar Jigawa, akwai Dutsin-Ma a jihar Katsina, akwai Dogondutsi a Jamhuriyar Nijar, wanda Faransawa suka rubuta da irin tasu ƙa'idar har ya yi wuyar ganewa a takarda. Wato dai mu abin da aka yi wurin da shi muke kallo, girmansa bai dame mu ba.

Turanci kuwa tilas ne ya zaɓa. Ko ya ce rock, ko hill, ko mountain, kuma kowace kalma da matsayin da take bai wa wurin. Shi ya sa aka samu Zuma Rock da Aso Rock a wajen Abuja, aka samu Kufena Hills a Zariya, aka samu Dala Hill a Kano, alhali duk dutse muke ce musu. Abin mamaki shi ne su kansu masu harshen ba su da tsayayyen ma'auni. A Birtaniya an saba ɗaukar ƙafa 2,000 a matsayin iyakar da tudu yake zama babban dutse. A nan Amurka an taɓa amfani da ƙafa 1,000, daga baya hukuma ta yi watsi da wannan iyaka. Har fim aka yi a 1995 a kan wani ƙauye a yankin Wales, inda mutanen gari suka dinga ɗibar ƙasa suna kaiwa saman tudunsu don ya cika awo, masu zana taswira su rubuta shi mountain.

Idan aka bi lissafi, ƙololuwar Sugarloaf mita 391 take daga matakin teku, ta Dala kuwa mita 534. Sai dai gaskiya ɗaya ce: shi kansa birnin Kano a kan tudu yake, don haka abin da Dala ya ɗaga sama da unguwannin da ke kewaye da shi kaɗan ne, matakala 101 ne mutum zai taka ya kai sama. Sugarloaf kuwa ya tashi sama da mita 200 daga gonakin da ke gindinsa. Saboda haka ba zan yi jayayya da ɗan yayata a kan awo ba. Inda nake da magana shi ne ɗaya rabin sunan. Sugarloaf siffa ce kurum: Turawan da suka fara zama a yankin sun ga ya yi kama da dunƙulen sukari mai tsini da ake sayarwa a zamaninsu, sai suka kira shi haka, kuma duwatsu masu wannan suna suna da yawa a duniya, har da wanda ke birnin Rio a Brazil. Dala kuwa, bisa abin da magabata suka ajiye mana, sunan mutum ne.

Wane ne Dala?

Babban abin dogaro a nan shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Masanin tarihi Murray Last yana ganin a zamanin shi Bellon aka haɗa littafin daga tsofaffin labarai da waƙoƙin fada. Littafin da labarin Dala ya buɗe. Ya nuna cewa Dala baƙo ne da ba a san asalinsa ba, ya zo ya gina gida a kan dutsen, ya zauna da matansa, ya haifi 'ya'ya bakwai, huɗu maza uku mata. Daga zuriyarsa aka samu Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi kuma shugaban bautar Tsumburbura, wanda ba ya saukowa daga dutsen sai a ranakun biki, jama'a su taru da baƙaƙen dabbobin yanka, shi kaɗai ya shiga wurin tsafin ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Littafin ya ambaci wasu shugabanni da jama'arsu a Gwauron Dutse da Magwan da Fanisau, amma Dala ne cibiya. A lissafin da aka fi amfani da shi, Bagauda ya zo a shekara ta 999, kuma jikansa Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa.

Mai karatu zai iya tambaya: mutumin ne ya bai wa dutsen suna, ko kuwa dutsen ne ya bai wa mutumin? Tambaya ce mai kyau, domin al'ummomi da yawa sukan ƙirƙiro kaka daga sunan wuri. A Dutsin-Ma ma labarin da ake bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kan dutsen. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daɗewar mutane a wurin. Masu binciken kayan tarihi sun gano wuraren narka tama a gindin Dala, awon kimiyya kuma ya kai shekarunsu zuwa ƙarni na 7, wato sama da shekara 300 kafin Bagauda. Wannan ya zo daidai da labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce sun taso daga Gaya suna neman tama har suka same ta a nan. Jar marmarar da ke saman dutsen tana ɗauke da ƙarfe. Ƙarfe ya ba da fartanya da gatari da mashi, waɗannan suka ba da abinci da tsaro, daga nan gari ya kafu. Idan Bakano ya ce Dala, tushen garinsa yake nufi.

Yadda Turawa suka rubuta shi

Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya, ya shiga Kano a watan Janairun 1824, kuma ya ambaci duwatsu biyu da ke cikin ganuwa. Amma wanda ya fi fito da sunan Dala a idon duniya shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, ya hau dutsen, ya zana birnin daga can sama. Da aka buga littafin tafiye-tafiyensa da Turanci a Landan a 1857 da 1858, an sa wannan hoto, kuma sunan da aka rubuta a ƙarƙashinsa Mount Dala ne. Kalmar Mount ita ce Turawa suke sa wa duwatsu masu alfarma, irin su Sinai da Everest, ko da kuwa wurin ba shi da wani tsawo, kamar Dutsen Zaitun na birnin Ƙudus. Barth baƙo ne da ya zo da 'yar guzurinsa yana neman izinin sarki, kuma ya ga Kano a matsayin babbar cibiyar ciniki da masaƙu da marina.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano. Shekara biyar bayan haka, a 1908, H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Katsina, daga baya ya zama Laftanar Gwamnan Arewa, ya buga fassarar Tarihin Kano da Turanci a wata mujallar masana a Landan, ya sake buga ta a 1928. A wannan fassara hill aka kira dutsen, kuma wannan kalma ce ta zauna a rahotanni da taswirori da littattafan makaranta, har muka gaje ta bayan samun 'yancin kai a 1960. Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla makircin rage wa Dala daraja. Mai awon ƙasa abin da ya gani ya rubuta. Abin lura dai shi ne wanda ya zo a baƙo ya ce Mount, wanda ya zo a mai mulki ya ce hill, mu kuma na biyun muka riƙe ba tare da mun tambaya ba.

Rubutun sunan ma bai tsira ba. A wasu littattafan Turanci da shafukan intanet za ka ga Dalla, da harafin l biyu. Duk Bahaushe ya san dalla wata kalma ce dabam, wadda ake faɗa idan an ƙosa da mutum. Maƙwabcinsa ma haka: dattawa da yawa Gwauron Dutse suke cewa, wato dutsen da ke tsaye shi kaɗai kamar gwauro, amma a takardun hukuma Goron Dutse ya zauna, har yaro zai zaci goro ake nufi. Sannan ana ƙara masa Hill a ƙarshe, ya zama an faɗi dutse sau biyu. Irin wannan ya faru a Lakwaja, inda ake cewa Mount Patti alhali pati a harshen Nufawa dutse ne.

Dala uku a harshe ɗaya

Akwai wani rikicin da ya shafe mu mu mazauna Amurka musamman. A rubuce, Hausa tana da dala har uku. Akwai Dala dutse. Akwai dalar gyada, wato buhunan da ake jerawa su yi tsini a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 cinikin gyada ya bunƙasa, zamanin su Alhassan Ɗantata, kuma mutane da yawa suna danganta wannan suna da kamannin tarin da dutsen. Daga nan ne ma muka samu abin da muke kiran gine-ginen Fir'aunonin Masar da shi. Sai kuma dala ta kuɗi, wadda kunnen Bahaushe yake rarrabe ta da sunan dutsen a furuci, amma takarda ba ta nunawa.

Ita dalar kuɗi ba ta da dangantaka da Kano ko kaɗan. Asalinta wani kwari ne mai suna Joachimsthal a ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, inda aka haƙi azurfa aka buga kuɗi a farkon ƙarni na 16. Aka gajarta sunan kuɗin ya koma thaler, daga shi aka samu dollar ta Amurka. Mu kuma ta iso mana ta hannun fatake, musamman azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780. Zamanin Turawa sunan ya koma kan sule biyu. Kalmar thal a Jamusanci kwari take nufi. Ashe dalar da ta kawo da yawanmu ƙasar nan sunan kwari ce, Dalar da muka baro a gida kuma sunan dutse. Na taɓa jin wani ɗalibi yana gaya wa abokinsa Ba'amurke cewa sunan dutsen daga kuɗin aka samo shi saboda Kano garin kasuwanci ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma wanda ya ji zai tafi da shi a matsayin ilmi.

Darasi daga Alaska

Don mu ga muhimmancin abin, mu dubi yadda masu masaukinmu suke faɗa a kan sunan dutse. Dutse mafi tsawo a Arewacin Amurka yana jihar Alaska, tsawonsa mita 6,190. Mutanen Koyukon da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa Denali suke kiransa, ma'anarsa dogo, kusan daidai da Dogondutsi namu. A 1896 wani mai neman zinariya, William Dickey, ya laƙaba masa sunan William McKinley, ɗan takarar shugaban ƙasa daga jihar Ohio, wanda bai taɓa taka Alaska ba har aka kashe shi a 1901. Gwamnatin tarayya ta tabbatar da Mount McKinley a 1917. A 1975 jihar Alaska ta koma Denali, ta nemi tarayya ta bi sahu, amma 'yan majalisar Ohio suka tare hanya shekara 40. A watan Agustan 2015 gwamnatin Shugaba Obama ta mayar da Denali. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin dawo da Mount McKinley a takardun tarayya, majalisar dokokin Alaska kuma ta zartar da ƙuduri tana neman a bar Denali. Hukumar da ke kula da sunayen wurare ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 1890, har yau tana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

A Nijeriya ma an yi irin wannan. Dutsen Dimlang da ke jihar Adamawa ya daɗe a taswira da sunan Vogel Peak, don tunawa da Eduard Vogel, Bajamushen da aka turo ya haɗu da Barth. Dala bai gamu da wannan ba. A ganina dalili shi ne yana tsakiyar birni mai ganuwa, mai sarki da malamai da rubutaccen tarihi, kuma Turawa ta hannun sarakuna suka yi mulki, don haka ba su da ribar taɓa sunan. Mutanen Alaska an ƙwace musu suna, suka riƙe ma'anarsa suna fafutika fiye da shekara 100. Mu an bar mana namu, kuma yau ga shi ko'ina: ƙaramar hukumar Dala, asibitin ƙashi na Dala, makarantar 'yan mata ta Dala, gidan rediyo, har da tashar sauke kaya ta tudu da aka buɗe a 2023. Amma a cikin masu ambatonsa kullum, mutum nawa ne za su iya faɗin abin da ke bayansa?

Abin da ya rage gare mu

Na san akwai masu ƙyamar wannan tarihi saboda ya ƙunshi Barbushe da Tsumburbura. Ina girmama wannan damuwa, amma malamai Musulmi ne suka rubuta Tarihin Kano da Larabci, kuma ba su share Dala daga shafin farko ba. Sun ajiye shi ne don a san inda aka fito, a kuma gane girman canjin da aka samu lokacin da Wangarawa suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da lokacin da Shehu Magili ya sauka a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. Sanin labarin tsafi dabam, yin tsafi dabam. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shi kansa dutsen yana bukatar kulawa. Duk wanda ya hau a 'yan shekarun nan ya ga yadda gidaje suka matse gindinsa, ruwan sama yana zaizaye gefensa. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, har da Dala, a jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sugarloaf kuwa, wanda ba a kafa wata daula a gindinsa ba, yana da hanyoyin hawa masu alama da masu kula da shi. Wurin da mutane suka ɗauka tudu ne kawai, da wuya su kashe masa ko kwabo.

Mu da muke karatu a waje muna da wani ɗan iko da ba mu cika lura da shi ba. Mu ne muke rubuta kundin digiri da maƙalu da Turanci, mu ne ake tambaya a aji idan an zo maganar Afirka, kuma abin da muka rubuta shi injin bincike zai nuna wa yaranmu gobe. Shawarata guda uku ce. Ta farko, idan za mu ambaci wurin da Turanci, mu fara rubuta Dutsen Dala, sannan mu yi bayani a jumla ɗaya cewa sunan kakan mutanen da suka fara zama a Kano ne. Masu karatu sun koyi faɗin Kilimanjaro da Fuji, ba za su gagara faɗin wannan ba. Ta biyu, mu gyara Dalla duk inda muka gan shi, musamman a shafukan da kowa yake da damar gyarawa. Ta uku, a tarukan ƙungiyarmu na sallah da na ranar al'adu, a ware ko minti goma ne a bai wa yara labarin sunan wuri ɗaya daga gida: yau Dala, gobe Kufena, jibi Kwatarkwashi, kowa ya kawo na garinsu.

Kammalawa

Mako biyu bayan tafiyarmu na koma gidan yayata da hoton nan na Barth a kwamfutata. Na nuna wa yaron rubutun da ke ƙasa, ya karanta Mount Dala da kansa, ya yi murna wai ashe namu ma mountain ne. Na ce masa wannan ma sunan da baƙo ya ba shi ne, sunan da kakanninsa suke faɗa shi ne Dutsen Dala. Na ba shi labarin maƙera da Barbushe da ganuwa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko idan an je hutu zan kai shi ya ƙirga matakalar da kansa. Na yi masa alkawari.

Inda na yi kuskure a wannan rubutu, ina roƙon masana tarihi da ke cikinmu su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, ya mayar da mu gida lafiya, amin.